Motocin da na ɗaura wa injin Sulemana

Shekara shida ke nan cif da rasuwar ƙanena Sulemana, wanda mutanen unguwar Kukuo a nan Tamale suka fi sani da Sule Mai Inji. Duk shekara in watan ya zagayo nakan sa a dafa abinci a yi sadaka, malamai su yi addu'a, in koma shagona kamar an gama. Bana na ga ba a gama ba. Akwai hannuna a cikin abin da ya kwantar da shi, na sani, matarsa Hajara ta sani, kuma ban taɓa faɗa da bakina ba. Shi ya sa na roƙi wannan fili in rubuta shi kowa ya karanta.

Ni mai naɗin koyil ne a Nyohini. Motar lantarki ta injin niƙa, ta famfon ruwa, ta fanka, in ta ƙone wurina ake kawo ta, in warware wayar in sake naɗawa. Na haura shekara talatin a kan wannan benci, kuma ba zan ɓoye ba, ina da baki. Sulemana kafinta ne, na ba shi shekara goma sha ɗaya. Mahaifinmu ya rasu Sulemana yana ƙarami, ni na kai shi koyon sana'a, ni na nema masa aure. A gidanmu ƙane ba ya sayen ko zarto sai ya zo ya shaida wa wansa, haka muka taras, haka muka riƙe.

Sai dai kan Sulemana ya wuce zarto. Ya ga a waya yadda ake haɗa injin da kwamfuta ke tuƙawa yana sassaƙa katako da kansa, ya ce shi ma zai yi. Ya tsinto ƙarafan gado, ya ciro ƙananan motoci daga matattun injinan kwafin takarda, ya sayi tsohuwar kwamfutar da sai an buga mata gefe take farkawa. Mun yi masa dariya har muka gaji. Ranar da abin ya zana furen farko a jikin allo kuwa, ni ne na fi kowa ɗaga murya, ina gaya wa jama'a jininmu ne.

Lokacin ana ta gine-gine a Kalpohin, kowane ma'aikaci yana son ƙofa mai zane. Aiki ya yi masa yawa, injin kuma ga nawa, ƙofa ɗaya sai ta ci kwana biyu. Ya ƙudura zai canza motocin da kayan da ke sarrafa su don ya samu sauri. Wata uku yana bincike, yana rubutawa a littafin 'yan makaranta, kafin ya zo shagona wata ranar Alhamis bayan la'asar, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya buɗe littafin.

Bayanin da ya yi mini a ranar ban saurara ba, sai daga baya na zauna na fahimce shi. Motocin da ke kan injinsa irin waɗanda ake kira sitefa ne, masu tafiya da ƙidayar taku. Kwamfuta ta ce a yi taku dubu, ita ta ɗauka an yi. In bakin yankan ya ci karo da wuri mai tauri motar ta yi tuntuɓe, ba ta faɗa wa kowa, kuma duk abin da aka sassaƙa bayan nan ya goce, ƙofar ta lalace. Shi yana son wasu masu ɗan ido a bayansu da ke ba da rahoton kowane taku, in an yi tuntuɓe su gyara, in ya gagara su tsayar da injin gaba ɗaya. Yana son direbobi, wato ƙananan akwatunan da ke shayar da motocin wuta, masu ɗaukar wuta mai ƙarfi, da sabon allon sarrafawa, da makunnai a ƙarshen kowane layi don kada injin ya wuce iyaka. Ya nuna mini hoton motocin. Kowace ba ta fi dunƙulen hannuna ba.

Abin da na ji kawai shi ne ƙanena zai aika ƙasar waje a kawo masa mota alhali ina raye a Nyohini. Na ture littafin. Na ce wannan kayan wasan yara ne, mai son gudu ƙarfi yake nema, ƙarfi kuwa a jiki yake.

Ya ce, "Yaya, babban mota shi na da ƙarfi in shi na tafiya a hankali. In an ce shi yi gudu, ƙarfin na zubewa."

Na ce, "Kai ne za ka koya mini mota?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Daga ranar bai ƙara ta da maganar ba har ya bar duniya.

Ban tsaya nan ba. Na bi 'yan gwangwan har na samo wasu jibga-jibgan motoci uku na tsohon injin ɗab'i, kowace sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Na wanke, na shafa musu fenti, na ɗora su a keken kaya ranar Juma'a bayan an sauko, na bi ta gaban masallaci don a gani. Da hannuna na ɗaura su, mutane sun cika ƙofar shagon, ina ta cika baki cewa yau injin Sule zai tashi sama. Wanda bai san zango, unguwannin Hausawa a nan, ba ba zai gane nauyin wannan ba. Kyautar babban wa ce, an ba da ita a idon jama'a, kuma ƙanen da ya cire ta kamar ya tuɓe wa wansa hula ne a kasuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, gaskiyarsa tana cikin sana'ata. Koyil mai girma yana ɗaukar lokaci kafin wuta ta cika shi. In ana sauri, kafin ya cika an riga an ce ya saki, sai motar ta yi ta kuka ba ƙarfi. Ɗan akwatin wutar da ke kan injin bai isa ya shayar da su ba. Da na ba maganar minti biyar da na gane. Ban ba ta ba, domin daga bakin ƙane ta fito.

Injin bai tashi sama ba. Da an ƙara masa gudu sai ya yi tuntuɓe, ya ɓata katako. Sulemana ya rage gudun har ya koma ƙasa da na da, duk da haka bai yarda da shi ba. Sai ya zama yana tsayawa a kansa tun daga fara aiki har gamawa, kunne a kan ƙarar motocin, yatsa a kan makunni, don da ya ji sautin ya canza ya kashe kafin ɓarna ta yi nisa. Mai sayar da wake da shinkafa a gefensa ta yi ƙorafin garin katako na sauka mata a tukunya, shi kuma ba ya son rigima, sai ya toshe tagar, ya riƙa rufe ƙofa. Yawancin aikin da katakon nan ne da ake matse gari da gam a yi shi, garinsa laushi kamar fulawa. Hankici yake ɗaurawa a hanci. Haka ya yi shekara huɗu a ɗakin nan, a cikin zafin Tamale.

Nakan leƙa shi duk mako biyu. In na shiga sai in dafa motocin nan in ce, "Ya jarumaina?" Ya fito da gemu fari fat da garin katako, ya yi murmushi ya ce suna lafiya. Tari ya kama shi, na kuma gani tun bai yi ƙarfi ba. Na ce sanyin fanka ne, na aika masa da citta da zuma.

Da aka kai shi asibiti likitan ya duba hoton ƙirjinsa, tambayar farko da ya yi ita ce wane aiki yake yi, kuma awa nawa yake yi a wurin. Ina tsaye. Sulemana ya ce kafinta ne kawai, bai ko kalle ni ba. Wata bakwai ya yi yana jan numfashi da ƙyar, mutumin da a da yake ɗaukar ƙofa shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zai kai bakin buta. Ya cika da hantsi, wata Talata, kansa a cinyata. Na san ajali na Allah ne, ban taɓa shakka ba. Amma an koya mana akwai sababi, kuma ba na jin an ba ni izinin ɓuya a bayan ƙaddara.

Bayan sadakar arba'in muka buɗe shagon don a lissafa kayan gado. A bayan wasu falankai na taras da kwali naɗe cikin leda. Ƙananan motocin nan uku ne, da direbobinsu, da allon, da makunnan, ko tef ɗin wasu ba a ɓare ba. Littafin nan yana kai. Na ɗauki kwalin na kai wa Hajara, tana cikin takaba, na tambaye ta daga bayan labule yaushe wannan ya zo. Ta ce ya kai shekara uku. Na ce to me ya hana shi sakawa? Ta ce, "Ya ce ba zai cire naka ba sai ranar da kai da bakinka ka ce shi cire, Yaya."

Na mayar da kwalin inda yake, na sa wa shagon kwaɗo, na jefa makullin a aljihu. Ban faɗa wa kowa ba, ita ma ta rufa mini asiri, irin rufin da ya kashe mata miji.

Yau in na bi ta titin Kalpohin ina ganin shaguna biyu ko uku da irin injin nan, na kamfani, an saye shi a haɗe. Samari suna danna waya a aiko musu da kowane irin mota cikin 'yan makonni, ba wanda suke durƙusa wa. Nakan tambayi kaina me Sulemana zai ce. Na tabbata da zai shiga ya leƙa ƙarƙashin injin, ya tambayi wane direba ne a ciki, ya fito yana murna kamar nasa ne, domin shi ba shi da ƙyashi. Game da samarin da ba sa neman izinin kowa kuwa, ban sani ba. Mai yiwuwa ya ce sun yi rashin kunya, don shi har zuciyarsa ya yarda da ladabin nan. Ni da nake cin moriyar ladabin na daina sanin inda amfaninsa ya ƙare. Na dai san cewa "to" ɗin ƙane ba yarda ba ce kullum, kuma ni na fi kowa sanin haka tun a lokacin, na yi kunnen uwar shegu don ya yi mini daɗi.

Watan jiya 'yarsa Rahinatu ta zo shagona. Tana da shekara ashirin da uku yanzu, ta gama karatun lantarki, kuma ta karɓi makullin shagon mahaifinta daga hannuna tun bara. Ta cire takalmi ta durƙusa a daidai inda ya durƙusa. Ta fara da doguwar gaisuwa, ta yabi motocina, ta ce masu ƙarfi ne, sannan a hankali ta ce, "Baba Babba, na ga wani kwali. Na zo neman izini ne, ko za ka yarda in gwada."

Wallahi sai da na ji tsohon fushin nan ya motsa a ƙirjina, bayan duk abin da ya faru. Kunyar hakan ce ta tashe ni tsaye. Na ɗauki sifana na hau bayan babur ɗinta, na je na kwance motocina da hannuna, notin ya yi tsatsa har sai da na fasa yatsa. Kwana uku ta yi tana haɗa wayoyi, tana bin littafin mahaifinta shafi shafi, ta ce bai bar mata komai da za ta gyara ba. Ta buɗe tagar, ta ja bututun zuƙe gari zuwa buhu a waje, wanda shi ma yana cikin zanen mahaifinta.

Bayan azahar ta ɗora katako ta kunna, ta ce mu fita. Na ce wa zai tsaya a kansa? Ta ce ba kowa, in ya ga matsala shi zai tsaya da kansa. Muka zauna a benci ƙarƙashin dogon yaro, mai wake da shinkafa ta kawo mana ruwa. Kafin a kira la'asar ƙarar ta ɗauke, ƙofa ta kammala, kowane fure a wurinsa. Babu wanda ya shaƙi komai.

Rahinatu ta shafa zanen tana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta juyo ta ce, "Baba Babba, kayan nan na nan tun Baba na da rai. Me ya sa bai saka ba?"

Na ce mata lokacin salla ya yi.

Abin da ya rage na Sulemana ba kaɗan ba ne. Ƙofofinsa suna nan a gidajen mutanen da ba su san sunansa ba, littafinsa ya fito daidai har layin ƙarshe, ga kuma 'yar da ta gaji kansa. Ta gaji ladabinsa ma, kuma wannan ne yake ba ni tsoro. Allah Ya jiƙan ƙanena, Ya yalwata masa kabari, Ya ba shi iskar da na hana shi.

Rahinatu, kin yi mini tambaya na gudu masallaci. Mahaifinki ya san daidai tun ranar farko. Bai saka ba ne saboda yana jiran in ce ya cire nawa, ni kuma na ga tarin, na ga gemun, ban ce ba.