Afuwar da Ta Tsallake Ni

Ni ɗan Matankari ne. Kafin in lalace kabu-kabu nake yi, ina ɗaukar mutane da kaya a babur tsakanin garinmu da Dogon Dutsi, kuma ina samun na tuwo. Mahaifina manomin gero ne, dattijo mai kunya. Tun lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, amma yana gane mutum in ya matso kusa.

Ban fara da babban abu ba. In aka ba ni buhun gero in kai, sai in raɓe bayan wata kuka in ɗebi tiya guda. Ba wanda ya gane, hannuna kuwa ya saba. Daga nan na haɗu da Gado, wani dillalin dabbobi da ya mai da gidan kaso kamar gidan kakarsa. Shi ya koya mini ɗora tumakin makiyaya a babur mu tsallake iyaka da su. Da na ce ina tsoron kaso, dariya ya yi.

"Shekarun da alƙali ka hwaɗi na baki na," in ji shi. "Duk bikin ƙasa shugaba shina yin afuwa, a rage ma. Kahin ka saba da tuwonsu ka hito."

Na riƙe maganar nan kamar karatu. A kanta na ci gaba da sata da ƙwarin gwiwa, har ranar da jandarmomi suka tare ni kusa da Dumega da raguna biyu ɗaure a bayana. Mari ɗaya na sha na faɗi sunan Gado, shi ma aka kamo shi.

A kotu alƙali ya daɗe yana kallonmu. Ya ce ya san irinmu da afuwa muke lissafi tun kafin mu yi sata, shi ma da ita yake lissafi in zai yanke hukunci. Ya ba mu shekara uku uku. Kafin a fita da mu Baba ya laluba ya kama hannuna.

"Ka yi laihi, ka amshi hukuncinka," ya ce. "Abu guda nika roƙo, ka hito idona na gani."

A kaso akwai wani tsohon fursuna da muke kira Aboka, wato lauya, duk da ko firamare bai gama ba. Ya ce mini shekara uku a kan rago zalunci ne, in ɗaukaka ƙara, kotun sama za ta rage mini rabi. Na ga hanya ce ta komawa gida da wuri, na yi. Gado yana ji bai gargaɗe ni ba, don tun da na tona shi ba ya yi mini magana. Shi bai ɗaukaka ba.

Da bikin Jamhuriya ya zo aka tara mu a fili ana kiran waɗanda afuwa ta shafa. Aka kira Gado, aka rage masa. Ni na tsaya har fili ya watse. Na tambayi wani gandiroba ko mantuwa aka yi.

"Ba mantuwa ba ce," ya ce. "Afuwa ta wanda hukuncinsa ya tabbata ce. Kai ka ce ba ka yarda ba, shari'arka tana buɗe."

Ranar na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Kotun sama kuma ba ta san ina sauri ba. Wata afuwar ta zo ta wuce ni, Gado ya fita yana ɗaga wa kowa hannu. Duk zuwan da ƙanwata za ta yi da fura, idon Baba nake fara tambaya. Da farko ta ce yana ganin inuwar mutum. Daga baya ta ce haske kawai yake bambancewa. Daga baya in na tambaya sai ta sunkuyar da kai. Da aka waiwayi ƙarata a ƙarshe, shekara ukun aka tabbatar mini, ba ragi.

Ranar da na fito na sami Baba zaune a ƙofar gida. Na yi sallama, ya juya fuskarsa wani gefen da ba na nan. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun tuni, ya shafa fuskata da hannu biyu, ya ce na rame.

Na tuba, yanzu gonarsa nake nomawa. Ku samari, musamman masu babur, kada wani ya ruɗe ku da cewa kaso ɗan zama ne, afuwa na tafe. Alƙali ya san da ita kafin ku, kuma ba kowa take samu ba. Ku bar tiyar farko a cikin buhunta. Ni na yi lissafi da afuwar shugaba, ban yi da idon ubana ba. Yau ni ke riƙe masa sanda zuwa masallaci, wani lokaci a hanya sai ya tambaye ni ko na fara furfura.