Layi Ɗaya a Aikin Manoman Argungu

Bayan na gama karatu na samu aiki a wani ɗan ofishin kwamfuta a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Mu biyu ne, ni da mai ofishin, abokin wana, wanda nake ce wa Yaya. Wata ƙungiyar manoman shinkafa ta Argungu ta ba mu aikin shafin intanet: a danna sunan manomi, a ga gonarsa da irin da ya karɓa. Ni na rubuta shi kaf.

Abu ɗaya ya gagare ni. A yaren kwamfuta na JavaScript, wanda na rubuta shafin da shi, akwai kalmar "this", mai nuna abin da ake aiki a kansa, wato manomin da aka danna. To shafin sai ya aika tambaya ya jira amsa, kuma umarnin da ke karɓar amsar yana ƙunshe cikin wani umarnin. Da an shiga can ciki, sai kalmar ta saki manomin ta kama shafin gaba ɗaya. Allo ya fito fayau, ba gona ba iri.

Kwana huɗu ina fama. A na biyar na gano: tun kafin a shiga ciki, a ajiye manomin da wani suna dabam, a riƙa kiransa da shi. Layi ɗaya tak. Na nuna wa Yaya, ya ce madalla.

Ranar nuni a Argungu ya miƙo mini kwamfutarsa ya ce in fara. Na danna suna, allo ya fito fayau. Tsohon kwafin ne, wanda ba gyarana a ciki. Ya bar ni ina gumi gaban dattawa, sannan ya jawo kujera, ya rubuta layina, komai ya fito.

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mutumin Gulma, ya ce, "Wanga ƙanen naka hannunai bai faɗa ba tukuna."

Yaya ya ce, "Koyo shikai, Alhaji. A yi mai haƙuri."

A mota na tambaye shi dalili. Bai ko dube ni ba. "Mi ab bambanci? Aikin ohis ne. Mutane sai sun ga an gyara suka yarda da kai."

Da ƙungiyar ta nemi wanda zai riƙa kula da shafin, suka ce ban da ni. Na kai ƙara wurin wana, ya ce na gaba babba ne, in yi shiru. Na yi shirun. Wata biyu na ƙara a ofishin, ina buga wa mutane takardun neman aiki, har na buga tawa.