Gonar Ayuba Mai Jirgi

Da faɗuwar ruwan farko na bana aka cika shekara talatin da tafkin Kainji ya karɓe mini abokina Ayuba. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Na ɗauki alƙalami yanzu ne saboda ɗansa ya zo mini da wata tambaya da na kasa amsawa, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Na san Ayuba lokacin da jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba. An turo ni daga Yelwan Yawuri in riƙe wani ƙaramin asibiti a wani ƙauyen bakin ruwa, kusa da Wara. Ni malamin asibiti ne kawai, amma kowa Likita yake ce mini. Ɗaki biyu ne asibitin, da gado ɗaya, da wani firij mai aiki da kananzir inda nake ajiye allurar rigakafin yara. In wutar lagwaninsa ta mutu, allurar ta lalace ke nan. Da damina hanyar mota takan yanke, sai dai a bi ta ruwa. Ayuba ke da jirgin inji mai zuwa Yawuri duk ranar kasuwa, don haka shi nake ba jarkata ya ciko mini kananzir. Daga nan muka saba, har ta kai ba na cin tuwon Sallah sai da shi, shi ma ba ya yanka akuyar Kirsimeti sai ya aiko a kira ni in yanka da hannuna don in ci.

Bakambare ne, Kirista, ɗan manoman kan tudu. Dogo ne mai wushirya, in ya yi dariya sai an waiwayo daga ɗaya bakin kasuwa. Yana yaro aka datse kogi, ruwa ya cinye gonar mahaifinsa da ke fadama, suka koma kan tudu suka sari sabuwa a cikin duwatsu. Da ya girma sai ya sauko bakin ruwa ya koyi tuƙi a wurin Sarkawa masunta. Bai bar noma ba, shi da matarsa Rahila suna shuka dawa a gonar tudun, amma zuciyarsa tana wajen inji. Ya iya kwance shi gaba ɗaya a kan tabarma, ya wanke, ya mayar, yana yi masa magana kamar wanda ke lallashin doki.

Wata rana da yamma muna zaune a gindin tsamiyar mashigi, ya nuna mini kudu da haɓa ya ce, "Likita, ka san ruwan ga da muke kallo shi ka haska Ikko? Gonar babana tana can ƙasa, tana ba mutane wuta. Mu ko sai aci-balbal." Ya faɗa yana dariya. Ban ji ɗaci a muryarsa ba, shi ya sa maganar ta zauna mini.

Sai wahalar man fetur ta zo. Waɗanda suka rayu a shekarun nan sun san abin da nake nufi. Gidajen mai na Yelwa suka bushe, motoci suka yi layi har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Mai ya koma hannun 'yan bumburutu, a jarkoki da kwalabe, kuma ba ka sanin abin da aka haɗa a ciki sai injinka ya gaya maka. Ayuba yakan ɗiga shi a tafin hannu ya shinshina, ya jira ya ga ko zai bushe. Sau da yawa ya san an gauraya shi, amma ya saya, don mata masu kifi suna tsaye a bakin ruwa da kwandunansu, in bai tashi ba kifin ya lalace.

Ranar da abin ya faru ba na cikin jirgin. Wata mai sayar da busasshen kifi, Hajo, ita ta ba ni labari daga baya, tana kwance a gadon asibitina. Sun baro Yawuri bayan azahar, jirgi cike. Sun yi nisa sai hadari ya taso daga gabas. Ayuba ya ƙara wuta don su kai gaɓa, inji ya yi tari, ya mutu. Ya ja igiya har hannunsa ya fashe, bai tashi ba. Wurin kuwa tsohon kurmi ne da ruwa ya rufe, matattun itatuwa suna tsaye a ƙarƙashi. Iska ta juya jirgin ta buga shi a kan kututture, katako ya tsage.

Hajo ta ce Ayuba bai yi ihu ba. Ya ce kowa ya zauna, kada a tashi tsaye. Sai ya shiga kwance murafen jarkokin da ke cikin jirgin, yana tuttular da abin da ke ciki a ruwa, yana rufewa, yana miƙa wa mata su rungume. Har da jarkata. Wani ɗan kasuwa da ya sha wuya kafin ya sami fetur ɗinsa ya riƙe masa hannu, Ayuba ya dube shi ya ce, "Alhaji, man ko ranka?" Mutumin ya sake shi. Masunta da suka hango su ne suka zo da ƙananan jiragensu suka tsamo mafi yawan mutane. Ba kowa ya fita ba. Ayuba gwanin ninƙaya ne, amma Hajo ta ce ganinta na ƙarshe da shi ya koma wajen wata tsohuwa da zanenta ya maƙale. An sami gawarsa da ta tsohuwar a wuri ɗaya.

Mun haura da shi kan tudu, aka binne shi a gefen gonarsa, kusa da kabarin mahaifinsa. Fasto ya yi addu'arsa, mu Musulmi muka tsaya daga baya, kowa yana share hawaye. Ɗansa Iliya bai kai shekara goma ba a lokacin.

Yanzu na yi ritaya, ina zaune a Yelwa, kuma sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Ayuba zai ce in ya ga yadda duniya ta juya. Na san wasu abubuwan za su faranta masa rai. Asibitin nan da na riƙe yanzu farantan sola ne a kan rufinsa, firij yana aiki dare da rana, yarinyar da ke riƙe da wurin ba ta ma taɓa ganin lagwanin firij ba. A fadamun Shanga, tun da fetur ya fi ƙarfin talaka, manoman shinkafa da yawa sun jingine injin ban ruwa sun koma ga famfon da rana ke tayarwa. Ka tsaya a gona ka ga ruwa yana kwarara, babu ƙara, babu hayaƙi. Masallatai da coci-coci sun sami haske a ƙauyukan da wayar lantarki ba ta taɓa isa ba. Ni kaina janaretana ya daɗe a kusurwa, kaji suna ƙwai a bayansa. Da Ayuba yana nan, na tabbata sai ya kwance wani farantin ya ga abin da ke ciki.

Amma a kan ruwa babu abin da ya sauya, sai ma abin da ya ƙaru. Har yau fetur ke tuƙa jirage. Da ya yi tsada, masu jirgi suka rage yawan tashi suka ƙara lodi, don sawu ɗaya ya biya abin da sawu biyu ke biya a da. Kututturan suna nan inda suke. Duk ranar kasuwa in na ga jirgi ya bar gaɓa bakinsa yana shafar ruwa, sai in bi shi da addu'a. In na ji an ce jirgi ya kife, ba na iya cin abinci sai na ji sunayen. Ana ta cewa duniya za ta bar fetur, amma ban ga alamar an tuna da masu jirgi a cikin lissafin ba.

Sai kuma maganar dutse. 'Yan shekarun nan aka gano cewa tuddan Ngaski, yankin su Ayuba, suna da wani farin dutse da ake yin batir da shi, irin batirin da ke riƙe wutar sola da na waya, har da motocin da aka ce ba su shan mai. Baƙi suka zo da manyan injuna. Samari suka ajiye fartanya suka shiga ramuka. Ban ɗauki abin da zafi ba, har ranar da Iliya ya yi sallama a ƙofar gidana. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya, kamanninsa na ubansa har wushirya.

Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, sun iso gare mu. Maƙwabcinmu na gabas ya ba da tasa gonar, na arewa ma ya ba da. Sun ce jijiyar dutsen ta bi ta ƙarƙashin tamu."

Na ce, "Kai mi ka gani?"

Ya ce, "In na ba su, zan yi rufin kwano, in sa yara makaranta mai kyau, in sayi famfon sola in yi noman rani a ƙasa. In na hana, ramuka za su kewaye ni, ko ban ba da ba gonar ta mutu. To amma Babana da kakana suna kwance a wurin. Kai ka san shi fiye da ni. Da yana raye, mi zai ce?"

Da sauƙi in ce masa Ayuba ba zai taɓa yarda ba, amma da na yi ƙarya. Ayuba mutum ne mai son sabon abu, ya tsani jira a cikin duhu, kuma na sha jin yana cewa ba ya son Iliya ya tsufa da fartanya a kafaɗa. Wataƙila da shi zai fara zuwa kallon injunan. Wataƙila kuma da ya tuna fadamar babansa ya kore su. Na ce wa Iliya ya ba ni lokaci, zan hau tudun in gani da idona.

Na je a makon da ya wuce, bisa babur. Hanyar da na sani ta bi ta cikin ɗorawa da kaɗanya yanzu manyan motoci sun faɗaɗa ta, ganyaye duk sun yi fari. Rafin da matan ƙauyen ke ɗiba ya koma kalar koko. A gonar maƙwabcin na ga rami mai zurfin da ba na son leƙawa, ruwan sama ya fara taruwa a ciki, kuma babu shinge, ga yara suna kiwon awaki a bakinsa. Na tambaya ko an yi maganar wanda zai cike ramukan in dutsen ya ƙare. Babu wanda ya sani.

Rahila ta tsufa, idonta ɗaya ya yi yana. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, ta kawo kunu. Ta ce, "Likita, ina yarinya aka tashe mu daga bakin gulbi, aka ce za a yi wuta. Na yi aure, na haihu, na binne miji, ban ga wutar ba. Wadda nake gani yanzu 'yar fitila ce da Iliya ya saya mini a kasuwa. Yanzu kuma an ce mu tashi za a yi batir. Wanga karon ina za mu hau? Tudun ya ƙare."

Batirin da ke haska ɗakina a Yelwa, wanda nake alfahari da shi, da irin wannan dutsen aka yi shi. Ba na so a koma zamanin jarka da bumburutu, na ga abin da ya yi mana. Ina son hasken rana ya kai kowane ƙauye. Tsorona shi ne kada mutanen da suka ba da fadamarsu don wutar farko su sake ba da tudunsu don ta biyu, sa'annan a bar musu rami. In har dutsen nan zai fita, to a zauna da masu gona tun kafin inji ya iso, a gaya musu gaskiya da harshen da suke ji, a san inda za su sha ruwa, a san makomar kaburbura. Ban ga ana yin haka ba, kuma motocin ba su jira.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Ayuba bayan shekara talatin, ba shi da yawa. Jirginsa yana ƙarƙashin ruwa. Babu hotonsa ko ɗaya. Waɗanda suka san muryarsa muna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne wata tsohuwa a inuwar rumbu, da ɗa mai neman yin abin da ubansa zai yarda da shi ko da bai san mene ne ba, da 'yar gonar nan mai duwatsu. Ina roƙon Allah ya sa abin da ya rage ɗin kada ya ƙare a idona.

Da zan tafi Iliya ya raka ni ta cikin gonar. Ya yi huɗa, dawa ta fara tsiro, ya share ciyawar kan kaburburan biyu. Daga bayan tudu ana jin ƙarar injin yana fasa dutse. Na ce masa har yanzu ba ni da amsar tambayarsa, kuma ba na jin zan samu. Ya dubi shukar ya ce, "Ba komai, Baba. Bana dai na shuka. Baɗi ne ban sani ba."