Gwiwar Baba da ta Ɗan Wasansa

Jiya maƙwabciyata ta buɗe kwalbar man zafi za ta shafa wa ɗanta, sai warin ya mayar da ni gidanmu na Ƙofar Atiku. In ka taɓa zama gida ɗaya da ɗan ƙwallo, ka san wannan wari ba ya fita. Yana jikin zanin gado, yana jikin tabarma, har a tuwo wani lokaci sai ka ji kamar shi kake ci.

Babanmu lamba tara yake bugawa, kuma da ƙwallo ya ciyar da mu. Kakanmu malami ne, zaurensa cike da littattafai, har ya rasu bai taka filin wasa ba. Bai hana ɗansa ba, bai kuma yaba ba. In Baba ya dawo daga wasa a Kudu ya durƙusa gaishe shi, tambayar tsohon ɗaya ce: "Ka yi salla bisa hanya?"

Ina ƙaramar yarinya gwiwar Baba ta lalace. Da kumburi ta fara, ana yi masa allura yana shiga fili, har ranar da mutum biyu suka shigo da shi gida a kafaɗa. Duk bazarar nan yana kwance gindin dalbejiya, zafin Sakkwato yana sa kwanon rufi ƙara, Inna tana gasa masa ƙafar da tsumma da ruwan zafi. Mai ɗori ya zo, likita ma ya duba. Ya miƙe dai, amma da ɗingishi.

Daga nan ya koma koyarwa. Ya fara da samarin unguwa, ya je kwas, har wata ƙungiya ta ɗauke shi koci. Ya taɓa ce wa Inna, da yana cikin fili, in abu ya ɓaci da ƙafarsa yake gyarawa, yanzu kuwa ba shi da komai sai usur da maƙogwaro.

Cikin 'yan wasansa akwai wani saurayi, ɗan wani malamin makaranta Kirista da ke zaune a Gawon Nama. Baba ne ya gano shi, ya raine shi shekara da shekaru. A gidanmu yake cin abincin rana, ya ce wa Inna "Mama", ya kawo mana rake. Wata damina gwiwarsa ta kumbura. Baba ya dafa wurin da yatsa biyu, na ga fuskarsa ta canza.

A makon nan ne ake jiran wani babban wasa, an ce masu neman 'yan wasa za su zo daga waje. Shugaban ƙungiya ya zo gidanmu da hantsi. Ina shara kusa da zaure, na ji komai.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron ga bai iya buga wasan ga. Na san wagga gwiwa, irinta gare ni."

"Koci, in kai ba ka sa shi ba, gobe wani kocin za ya sa shi."

Da la'asar saurayin da kansa ya zo ya durƙusa. "Koci, don Allah. Wannan damar ba za ta sake zuwa ba."

Baba ya ɗauko takardar jerin waɗanda za su buga wasan. Ya rubuta sunansa.

Ranar wasan muna gida, rediyo na kan turmi, Inna tana tankaɗe, ƙasa tana ƙamshin ruwan da aka yi da safe. Ba a kai hutun rabin lokaci ba mai sharhi ya ce saurayin ya faɗi, an ɗauke shi an fitar. Inna ta ajiye rariya. Ba wanda ya tashi ya kashe rediyon.

Bayan kwana uku mahaifiyarsa ta zo. Na zaci za ta yi faɗa. Zama ta yi a bakin tabarma, ta ce, "Malam, kai ka san ciwon nan. Zai koma fili?" Baba ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Na kawo ruwa a kofi, na tsaya riƙe da shi, na rasa wanda zan miƙa wa.

Saurayin bai koma fili ba. Baba kuwa ya ci gaba da aikin wasu shekaru, don akwai bakuna a gida, har ranar da ya ji a rediyo an naɗa wani a wurinsa.

Yau filin da ya fara koyarwa shaguna ne. Yaran unguwa suna cika gidan kallo da rigunan 'yan wasan Turai, suna wuce wani tsoho mai sanda ba su san ya taɓa sa filin wasa ya tashi tsaye ba. Saurayin nan har ya fara furfura, keke mai ƙafa uku yake ja a Sama Road. Duk Juma'a yana zuwa ya kai Baba masallaci, ya jira shi a waje, ya dawo da shi. Hirarsu ba ta wuce zafin gari da tsadar mai.

Makon jiya ina tsaye a ƙofar gida suka fito, kowa da nasa ɗingishin. Baba ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Ran nan da na rubuta sunanka..."

"Koci, ɗaga ƙafar a hankali," in ji shi. Ya gyara masa sandar, ya tayar da keken.