Yadda Na Kai Yaya Kaduna Ta Faɗi Sunana

Laraba, Funtuwa, huɗu da rabi na asuba

Mazaje, ku gyara zama, yau babban yatsana sai ya yi kanta. Tun jiya kun cika min waya da "ya aka yi, ya aka yi". To ga shi nan tun daga tushe.

Huɗu da rabi, ladan ko gyaran murya bai yi ba, Yaya ta buga min ƙofa ta wuce. Ga sababbin shiga guruf: Yaya mahaifiyata ce. Ni ne ɗan fari, a hannun kakata na tashi, na ji ƙannen mahaifiyar tawa suna ce mata Yaya, ni ma na bi layi. Ita kuwa shekarata ashirin da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai." "Yaron nan." In ranta ya ɓaci, "wancan." A unguwa ma Maman Safiya ake ce mata, da sunan mai bi min.

Abin da ya tashe mu: 'yar ƙaramar kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta da nake yi a Doka, tsakiyar garin Kaduna, tana ɗauke wa ɗalibi biyar kuɗin makaranta, waɗanda suka fi maki. Na gama aji ɗaya a sashen leb, wato ɗakin gwajin jini, na zo na uku. Saura intabiyu ranar Alhamis, kuma dole uwa ko uba ya zo da ƙafarsa. Baba shekararsa huɗu da rasuwa, kun sani. Aji ɗaya gonarsa ce ta biya, kuma babu gona ta biyu. In tallafin nan ya kuɓuce, ni da farar riga sai a hoto.

A tasha muka yi asuba. Biyar da arba'in motar Sharon ta cika, dubu biyar-biyar. Na samu gaba, Yaya ta shige can ƙuryar baya cikin mata. Direba ya dube ni ya dube ta.

"Ɗan samari, tare kake da Hajiya?"

Kafin in buɗe baki amsa ta taho daga baya: "Hanyarmu ɗaya dai."

Giwa, Kwangila, Kawo

Shida da ashirin muka tarar da shinge gaban Giwa. Jami'i ya leƙo ya ce in nuna shaida, na zaro katin makaranta da yanga.

"Au, likita ne?"

"Saura ƙiris, yallaɓai. Mai duba jini."

"To zo ka duba nawa, tun dare nake tsaye." Ya ɗaga mana hannu yana dariya.

Bakwai da 'yan mintoci muna Kwangila a Zariya, kilomita saba'in da wani abu kenan. Aka tsaya shan mai. Ina danna waya sai na ji ana taɓa min ƙeya. Ledar ƙosai ce mai zafi, ta bi hannu huɗu kafin ta iso. Matar da ke bayana ta ce, "Wai a miƙa wa na gaban can." Na gaban can ya ci ya yi hamdala.

Daga nan titi ya miƙe, kilomita wajen tamanin. Jaji, Maraban Jos, tara saura kwata muna Kawo. Napep ɗari biyar-biyar, minti ashirin, sai ga mu a Kurmin Mashi gidan Gwaggo Lami, yayar Baba, tsohuwar mai buga tafireta a ma'aikata. Tun daga zaure take guɗa.

"Ɗan gidana! Kulu, me kike ba shi ne ya zama kamar falwaya?"

Waina da miyar taushe ta dire mana. Ban san adadin da na ci ba, kuma ba na son a tuna min.

Doka, sha biyu na rana

Na ce bari in leƙa makaranta in ga lambata. A bakin allon sanarwa na haɗu da Bitrus, ɗan ajinmu, shegen kaya, shi ya zo na ɗaya.

"Baba, ka ga sabon salo?"

Wai bara wani gwani ya ɗauko mai tumatir a Babbar Kasuwa ya ce mamarsa ce, sai daga baya asiri ya tonu. Shi ne bana aka kafa doka: uwa ko uba zai faɗa da bakinsa, a ɗauka a waya, "Ni wance, ni na haifi wane, na shaida abin da ya rubuta gaskiya ne." Da cikakken suna.

Mazaje, na matsa jikin allon. Na karanta sau uku ko za ta canza, ta ƙi.

Bitrus ya ce, "Miye abin gumi? Jimla ɗaya ce fa."

"Baba, ba ka san Yaya ba."

Kurmin Mashi, bayan la'asar

Gwaggo na jin labari ta kifa turmi a tsakar gida, ta ɗora wayarta a kai, ta gyara tabarau.

"To Kulu, bismilla, ni ce mai intabiyu. Wane ne wannan?"

Yaya ta kalli kaji.

"Ke don Allah! Suna ne fa, ba garwashi ba. Ce Na. Na-zi-fi."

"Haba Gwaggon yara."

"Haba me? Ranar da kika sulluɓo shi kunyar tana ina, ta je kasuwa?"

Yaya ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce a hankali, "Ke ba za ki je ba?"

"Uwa suka ce. Ni na yi naƙudarsa?"

Aka yi ta yi har aka kira magariba. Sunanta take faɗa tsaf, Hauwa'u, ta kai "ni na…" sai injin ya mutu. Ban taɓa roƙon Yaya komai ido da ido ba, amma ranar na tsuguna.

"Yaya, in ba ki faɗa ba fa shi kenan karatun."

Ba ta dube ni ba. Sai ta kalli Gwaggo ta ce, "A ba yaron nan abinci."

Tuwon shinkafa ne da miyar kuka da man shanu, abin da nake mutuwar so, amma kamar tabarma nake taunawa.

Alhamis, Doka

Bakwai da rabi muka fito, na sha wanka, shadda ruwan toka da hula. Tafiyar kilomita biyar ko shida ta ci mana kusan rabin awa saboda masu zuwa ofis. Yaya tana jan carbi, ni ina bitar yadda ake rina jini a gano ƙwayar maleriya, ina kuma bitar yadda zan koma shagon cajin waya.

Wannan ne zuwanta na farko. Makarantar tamu kun san ba wani girma: bene ɗaya, leb ɗaya, sai darbejiyar da muke karatu a gindinta muna cin wake da shinkafar Iya mai kwano. Amma malami ya san kowa, in ka yi fashi kwana biyu da kansa zai kira ka. Yaya ta tsaya a tagar leb ta daɗe tana kallon madubin duba jini. Bitrus ya zo ya rusuna.

"Sannu Bitrus. Nan kuke aikin, Bitrus? Allah ya yi maka albarka, Bitrus."

Sau uku a minti ɗaya! Ni da aka haifa ko oho.

Goma da kwata aka kira lamba uku. Mutum biyu ne a ciki: Madam Rifkatu, rajistara, dattijuwa mai furfura, da Malam Jafar na ofishin kuɗi, matashi ɗan gayu, haifaffen Kaduna. Suka fara da ni. Me ya sa leb? Na ce Baba sai da aka yi wata biyu ana ba shi maganin taifot kafin a gano ba ita ba ce. Aka jefo tambayar rina jini, na zuba kamar famfo. Madam ta gyaɗa kai. Ni dai nawa ya haɗu.

Malam Jafar ya ajiye waya a tebur ya danna. "To Mama, bismilla."

"Ni Hauwa'u…"

Nan ta tsaya.

Na ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, don Allah."

Malam ya ɗaga gira. "Yaya kuma? A fom mahaifiya ka rubuta."

An zo wajen! Na hau bayani, ɗan fari, kaka, kunya, harshena na harɗewa, gumi kamar an kama ni da akuyar mutane. Malam ya yi 'yar dariya.

"Mama, ai wannan tsohon yayi ne. Ni ma ɗan fari ne, amma mamata Jafar-Jafar take ƙwala min har gaban baƙi."

Yaya ta ce, "Allah ya raya."

Madam ta cire tabarau. "Mama, na san al'adar nan, a cikinku na girma. Kuma ga kama nan a goshi, ko makaho ya shafa. Amma dokar ba tawa ba ce ni kaɗai. In babu muryarki a wayar nan, wanda ya zo na shida ne zai hau kujerarsa. Yana waje da babansa."

Na sunkuyar da kai. Wallahi a raina na riga na fara sallama da darbejiya.

Sai Yaya ta gyara mayafi, ta dubi Madam, ta ce, "A ce wa yaron nan ya fita."

Madam ta nuna min ƙofa da biro. Na fita, aka turo ƙyaure.

Na duba waya: goma da talatin da ɗaya. Jimlar nan ko mai in'ina ne sakan goma ta ishe shi. Minti biyu, shiru. Minti biyar. Na kai kunne jikin ƙofa, masinja ya ce, "Kai, matsa." Bitrus ya sayo min fiya wata, na riƙe har ya yi ɗumi ban sha ba. Minti goma sha biyar, na ce shi kenan, lallashinta suke ta ƙi. Na shida yana can yana kallona, ni ma ina kallonsa, kowa na addu'ar da ba zai iya faɗa ba.

Goma da hamsin da huɗu ƙofa ta buɗe. Malam Jafar ne ya fara fitowa, yana goge tabarau da bakin riga, duk gayun ya zube. Ya dafa kafaɗata.

"Ka riƙe uwarka da kyau, ka ji?"

Yaya ta fito ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta je gindin darbejiya ta zauna. Madam ta yafito ni.

"Jimla ɗaya muka nema, mamanka ta kusa cika mana waya."

"Madam, ta faɗa?"

"Ta faɗa. Kuma ba sau ɗaya ba."

"Don girman Allah a tura min. Ko sakan biyar!"

"A'a. Da sharaɗi ta yi magana: kada ka taɓa ji. Na ba ta alkawari." Ta mayar da tabarau. "Je ka jira allo."

Ɗaya daidai aka manna takarda. Bitrus a sama, Nazifi na uku. Aji biyu kyauta, har da kuɗin leb! Na yi wani tsalle hulata ta faɗa kwata. Bitrus ya ɗaga ni sama, Iya mai kwano ta ce yau namana biyu ne. Na ruga gindin bishiya.

"Yaya, an samu!"

Ta shafa addu'a ta ce, "To a ɗauko hular."

Babbar Kasuwa zuwa gida

Na ɗauka gidan Gwaggo za mu wuce, sai na ji ta ce wa mai napep kasuwa. Muka kutsa layin masu kayan asibiti, ta tsaya gaban wani shago.

"Farar riga ta masu duba jini. Wadda za ta shigi mai kafaɗa irin ta wancan."

Mai shago ya ce dubu tara. Mazaje, matar da suna ɗaya ya gagare ta jiya, yau ta yi wa mutumin nan ruwan magana har sai da ya sallama a shida yana cewa, "Hajiya, tafi kawai, kin fi ni."

Muka biya Kurmin Mashi. Gwaggo ta yi guɗar da ta tara maƙwabta, ta cusa mana dambun nama a jaka, ta ce, "Kulu, ashe bakin yana aiki, ni kika raina!" Uku da kwata muka bar Kawo. Wannan karon mota ta matse, dole aka haɗa mu kujera ɗaya. Sai da muka wuce Jaji na yi ta maza.

"Yaya, me kika ce musu?"

"Abin da aka tambaye ni."

"Minti ashirin da uku?"

"Madam ɗin ce mai surutu."

Ta juya taga. Amma gilashi ba ya rufa asiri, na ga murmushin.

Shida da rabi muna Funtuwa, ana kiran magariba muna shiga gida. Safiya ta taro mu da gudu tana tambaya, Yaya ta ce "An dace," ta ɗauki buta.

Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Gwaggo Lami, Allah ya bar mana ke da bakinki. Bitrus, ka cika ɗan'uwa. Madam da Malam Jafar da duk malaman da suka yi ta fama da kaina shekara guda, Allah ya saka da alheri. Na shida, wallahi na yi maka addu'a, Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Ku ma 'yan guruf na gode da addu'a, amma masu cewa in yi wankan tallafi, shayi ne kawai, ba ƙwai.

Yaya kuwa ba ta guruf, kuma ko na je gabanta da godiya cewa za ta yi in matsa na tare mata haske. Don haka a nan zan faɗa: Allah ya saka miki da Aljanna. Yau da safe "kai" ta ce min, na amsa da ƙarfi har ta waigo. Ta ci gaba da "kai, kai" ɗinta, ba komai. Ni dai na san akwai wata waya a Doka.