Ango a Ɗakin Tikiti

Jama'a, a gyara zama! Ga Mai Girma Kiggundu, Sarkin Na'ura na tashar Masaka da ke Kampala, wanda fadarsa ba ta fi akurkin kaji ba!

Yana duƙe gaban kwamfuta a ɗakin tikiti, sanye da farar kanzu, doguwar rigar mutanen nan, da kwat, gumi na bin ƙeyarsa. Ƙarƙashin tebur ga zakara a ɗaure, irin wanda ango ke kai wa yayan amarya. Ba sai an faɗa maka ba, yau surukai ke jiransa, kuma motar da zai hau ce ta ƙi tashi.

Shi ya rubuta wa kamfanin motocin manhajar tikiti. Abin da yake roƙonta kaɗan ne: cikin tulin sunayen da ke rumbunta, ta tsamo masa fasinjojin yau kawai. Ya danna, ta kwaso kowa da kowa, har da matafiyan bara. Ya ƙara sharaɗi ya sake dannawa, ta ce babu kowa, alhali ga mutane maƙil a mota suna zagin kakansa.

Manaja ya tokare ƙofa da tumbi. "Ba sunaye, ba tafiya. Har kai, ango."

Waya na ta ruri a aljihunsa, ƙila gwaggon amarya ce. Ba ya ɗauka.

Ni ɗan kamasho na leƙa ta taga. "Maigida, in ka makara in je maka? Kanzun nan za ta yi min daidai."

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Je ka mana," in ji shi. "Da wace mota?"