Tabarau Biyu na Shiga Ruwa

Ni mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ba yabon kaina nake yi ba. A da ina ɗaukar abin tarbiyya ce, domin haka na taso na ga manya suna yi: in aka roƙe ka abin da ba za ka yi ba, sai ka ce za a duba, mai roƙon ya gane da kansa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Yanzu na haura hamsin, na gaji da wannan hali nawa, kuma na san abin da ya gajiyar da ni.

Ina da aboki guda da muka taso tare a Jos. Shi Kirista ne, ni Musulmi, ƙofar gidansu tana kallon tamu. Shi ya koya mini iyo a wani kududdufi da masu haƙar kuza suka bari a bayan unguwarmu, ruwan da iyayenmu suka hana mu ko leƙawa. Mun sha bulala a kansa ba sau ɗaya ba, washegari kuma mu koma. Daga baya rayuwa ta kwaso mu ta zube a Ingila. Ni ina Birmingham ina aikin injiniya, shi yana Manchester, a Moss Side, yana tuƙin bas. Duk bayan wata biyu ko uku, ɗayanmu zai hau jirgin ƙasa ya je wa ɗayan.

Akwai wani tsari a tsakaninmu da ba mu taɓa zama mun tsara ba. In zan je gidansa, kwalaben giyar da ke cikin firij sukan ɓace kafin in iso. Na san inda suke zuwa, domin wata rana na buɗe ɗan kabad ɗin da ke ƙarƙashin bene ina neman tsintsiya, na gan su a jere. Na mayar na rufe. Matarsa kan hau bas har Old Trafford ta sayo naman da aka yanka yadda zan ci. Ni kuma in Lahadi ta same shi a gidana, sai in ƙirƙiro wani saƙo a kusa da coci don in sauke shi. Shekara arba'in muna tare, maganar addini ba ta taɓa fitowa daga bakin ɗayanmu ba, kuma muna ganin wannan shi ne ƙarfin abotarmu.

A ƙarshen wani hunturu aka gano yana da ciwon daji a hanji, aka yi masa aiki. Da ya fara warwarewa sai ya kira ni, ina ofis ina cin abincin rana.

"Alhaji," in ji shi. Haka yake kirana tun kafin in je Makka, don tsokana. "Likita ya ba ni six weeks kafin a fara chemo, maganin dajin nan. Za su sa mini wani line a hannu, bututu ne har kusa da zuciya. Daga ranar ba shiga ruwa. Ko wanka sai an naɗe hannun da leda."

"Allah ya sawwaƙe, mutumina. Sai ka samu ka huta."

"Wane hutu? Ruwa nake so in shiga. Ba wurin iyo na council ba, mai warin magani. Ruwa na gaske. Kuma da kai."

Ashe wani maƙwabcinsa, tsoho ɗan Karebiyan, ya daɗe yana cika masa kunne da labarin tekun garinsu, wai kana iya ganin yatsun ƙafarka a ƙasan ruwa. Likita ya yarda ya yi tafiyar mako guda zuwa can. Abin da ya rage kawai in ɗauki hutu, in kuma zaɓi yawon da za mu yi a can, domin shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya. Ya turo mini guda uku a waya.

"Kai ka zaɓa," ya ce. "Duk wanda ka zaɓa ya yi mini."

Na farko babban jirgin ruwa ne, cike da jama'a da kiɗa, ba na masu furfura ba. Na biyu kwalekwale ne mai gilashi a ƙasa, kana zaune kana kallon kifi, ko ƙafarka ba za ta jiƙe ba. Na uku ƙaramin jirgi ne na mutum biyu da matuƙi, ba kowa sai mu. Za a kai mu wani ɗan tsibiri da ba mai zama a cikinsa, mu yi iyo son ranmu, a ba mu tabarau na shiga ruwa da bututun numfashi mu kalli kifaye, a gasa mana kifi a bakin teku. A hanyar dawowa kuma a tsaya inda ake dafa giyar rake, a ɗanɗana kala-kala. Har da hotonta, 'yan ƙananan kofuna a jere a kan katako.

Ko makaho ya san na uku yake so. Ni ma shi nake so, ban da wannan layi na ƙarshe. Ba tsoron sha nake yi ba, ba wanda zai ɗura mini. Abin da ya tsaya mini shi ne ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu, ɗiyar abokina kuma, in ya tura mata hoto, ba ta barinsa ya kwana a waya. Na hango kaina a tsaye kusa da waɗannan kofuna, hoton yana yawo daga wannan waya zuwa waccan, dattawa suna gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, in na ce a cire, na faɗi abin da muka yi shekara arba'in muna kewayewa.

Mai ɗakina nas ce a babban asibitin da ke Edgbaston, ta fi ni sanin abin da bututun nan yake nufi. Na nuna mata wayar muna karin kumallo, ta karanta sau ɗaya ta miƙo mini.

"Ai private ne, Baban yara. Sai abin da kuka ce. Ka kira shi ka ce a cire giyar, shi ke nan."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. In ba za ka je ba ma, ka faɗa masa yau. Kwanakin nan ba naka ba ne da za ka yi ta juya su."

Na ce mata za a duba. Ta kalle ni, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

A makon farko na ce masa ina jiran a amince da hutuna, alhali an amince tun a rana ta biyu. A mako na biyu na ce na karanta cewa akan yi iska a wajen, gara mu bincika. Ya ce tsohon maƙwabcin nan nasa ya tabbatar masa ba lokacinta ba ne. A mako na uku na yi wata dabara da nake jin kunyarta har gobe: na ce me zai hana mu ɗauki mai gilashin nan, tunda bai daɗe da tashi daga ciwo ba.

"To," ya ce. "Ya yi."

Na san wannan "ya yi" ɗin. Irinsa nake yi wa mutane kullum. Sai na ce a'a, bari dai mu ƙara tunani, kada mu yi gaggawa. Ya ce ba komai, yana jirana. Bayan kwana biyu ya turo mini hoto: tabarau biyu na shiga ruwa a cikin ledarsu, ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, a kan teburin falonsa. A ƙasa ya rubuta cewa baƙin nawa ne, don ya dace da hulata.

Kwanakin nan sun gajiyar da ni fiye da kowane aiki. Kullum a jirgin ƙasa, a hanyar ofis, sai in buɗe shafin nan in karanta daga sama har in iso layin ƙarshe, kamar zai goge kansa. Na rubuta masa saƙo ya fi a ƙirga. In fara da "Mutumina, akwai wata 'yar magana," sai in ga maganar ta yi girma, in goge. In ya kira, in ja shi da hirar ƙwallo da ta mutanen gida. Shi ma ba ya tambaya kai tsaye. Sai za mu ajiye waya ya ce, "To, ina sauraronka," in ce in sha Allahu cikin makon nan. A raina ina cewa akwai sauran mako biyu, ko a ƙurarren lokaci ana samun tikiti.

Mako na biyar bai ƙare ba matarsa ta kira. Wuri ya samu a asibiti da wuri, an tambaye shi ko zai karɓa, ya karɓa. An sa bututun da safiyar ranar. Ta faɗi wannan a taƙaice, ta gaishe da mutanen gida, ta kashe.

Ranar Asabar na hau jirgi daga tashar da ke kusa da jami'a, na canza a cikin gari, na sauka Manchester ana yayyafi, na hau bas zuwa Moss Side. Ban sanar da su ina tafe ba. Na same shi a falo, ya rame, dantsensa na dama a naɗe da farin bandeji, wani ɗan bututu yana leƙowa. Tabarau biyun nan suna kan tebur inda ya ɗauke su hoto. Duk inda na kai idona sai ya dawo kansu.

Muka gaisa, muka taɓa hirar ruwan sama. Matarsa ta ajiye mini shayi ta koma kicin. Daga nan na kasa, na faɗa masa gaskiya, ina kame-kame. Na ce hutu ba matsala ba ne, iska ma ba ita ba ce, giyar nan ce.

Ya yi dariya har sai da ya dafe cikinsa inda aka yi ɗinki.

"Alhaji, ni da likita ya hana ko ƙamshinta? Tun ranar da na turo maka na yi wa masu jirgin email na ce su cire. Suka ce no problem, za su sa ruwan kwakwa da 'ya'yan itace."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In faɗa maka in ce me? In ce na gyara wuri saboda kai? Ka taɓa jin na faɗa maka irin wannan? Cewa na yi ka zaɓa, in mun je ka tarar babu."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce ya yafe mini, ya ɗaga hannun da ba bandeji ya ce ba komai, bayan an gama magani sai mu je. Can ya ce, ba da faɗa ba, yana kallon taga:

"Abu ɗaya dai. Da ka ce mini a'a tun ranar farko, da na tafi da 'yar nan tawa. Sau biyu tana roƙona, har ta nemi hutu a jami'a. Na ce mata ta bari, Alhaji yana dubawa."

Na shanye shayin da ya riga ya huce, na yi sallar la'asar a kan dardumar da suke ajiye mini, na kama hanya. A jirgi wata mata ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata mura ce.

Daga nan kusan duk Asabar ina Manchester. Na raka shi asibiti, na koyi naɗe masa hannu da leda in zai yi wanka. Maganar tsibiri ba ta sake tasowa ba, tabarau ɗin ma ban ƙara ganinsu a falo ba, har na ji sauƙi a raina, na ɗauka ya mayar wa masu kanti. Magani na farko bai yi ba, aka shiga na biyu. Ba a cire bututun nan ba har ya rasu, da hunturu ya zagayo.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta gidan ya cika da mutanen cocinsu da abokan aikinsa, wurin zama ya yi kaɗan. Matarsa ta ce, "Alhaji, don Allah ɗauko mana kujerun nan masu naɗewa a ƙarƙashin bene."

Na buɗe kabad ɗin. Kujerun suna jingine a gefe. A bayansu kwalaben nan ne a jere, ƙura ta rufe su. Kusa da su kuma ga tabarau biyu, shuɗi da baƙi, ko ledar ba a yage ba. A nan ya ɓoye su, inda yake ɓoye duk abin da yake ganin zai sa in ji kunya in na shigo gidansa.

Na daɗe a tsugune a wurin. Sai da ɗiyarsa ta leƙo ta ce ana jiran kujeru, sannan na ɗauko su na rufe ƙofar.